Daren Da Batir Ya Mutu A Bakin Kogin Rio Grande

Tun kafin wayar hannu ta zo ta ƙwace sunan, Bahaushe ya san abin da ake kira tafi-da-gidanka. To, a ƙasar Amurka akwai wani abu wanda sunan nan ya fi dacewa da shi, watau wani ɗaki mai taya da akan ɗaura a bayan mota a ja shi zuwa duk inda aka nufa. A cikinsa akwai gado, da murhun gas, da firji, da famfon ruwa, har da makewayi. Galibinsu a garin Elkhart na Jihar Indiana da kewayensa ake ƙera su, kuma mutanen ƙasar sun daɗe da sabawa da su, har ma a cikin 1959 wani mai ƙera su, Wally Byam, ya ja ayarin irin waɗannan ɗakuna guda 41 suka ratsa Afirka tun daga Cape Town har Alƙahira.

Irin wannan ɗaki ne wani Bahaushe mazaunin birnin Houston na Jihar Texas ya saya a hannun wani, bayan ya yi shekara da shekaru yana hangensa a kan titi yana sha'awa. Mutumin ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti, ya ba shekara hamsin baya, yana da mata da ɗa guda ɗan shekara goma sha shida. Yana kuma da a-kori-kura mai ƙarfin jan kaya, ita ma ta hannu ce. A cikin bazarar da ya sayi ɗakin sai mahaifiyarsa ta zo daga gida don a duba lafiyarta, tsohuwa mai ciwon sukari wadda kullum sai ta yi allurar insulin. Da ya ga zaman gida ya ishe ta, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba mai tallan da zai yi sallama, sai ya yanke shawarar ya kai ta ta ga daji. Ya zaɓi gandun Big Bend, wanda aka buɗe a 1944, can kudu maso yammacin jihar, inda Kogin Rio Grande ya raba Amurka da Meksiko. Tafiyar ta kai mil 600.

Ranar farko suka bi babbar hanya ta San Antonio, suka kwana a wani zango kusa da garin Junction. A zangon nan akwai wutar lantarki, sai ya jona ɗakin, kowa ya yi barci cikin sanyi. Wannan jonawa ita ce ta rufe masa ido, domin a cikin ɗakin akwai wata na'ura mai juya wutar gari ta koma irin ta batir, ita ce ta kwana tana cika batirin ɗakin. Da gari ya waye kome lafiya lau, suka kama hanyar Fort Stockton, daga nan suka yi kudu ta Marathon.

Firjin ɗakin irin mai hanya uku ne: yana aiki da wutar gari, yana aiki da gas, yana kuma aiki da batir. Da yake maigidan ba ya son a shiga gidan mai da harshen wuta yana ci a bayansa, sai ya mai da firjin kan batir, da zaton ai motar za ta riƙa mayar wa batirin abin da firjin ya sha. Haka aka ce masa, haka kuma ya kamata a ce abin yake. A cikin firjin nan kuwa akwai kwalaben insulin na wata biyu.

A wani gidan mai, yaron ya sauka yana nuna wa uban hanya yana gyara tsayuwa, sai ya ce, “Baba, in ka taka birki fitilun gefen ɗakin sai su riƙa dushewa, in ka sa sigina kuma duk sai su kama ƙyaftawa.”

Uban ya ce, “Tsofaffin ƙwayaye ne, in mun koma sai mu canja.” Magana ta wuce a nan.

Daga hedkwatar gandun, wadda ake kira Panther Junction, zuwa sansanin bakin kogi mil 20 ne, kuma kusan duk gangara ce, ana sauka kimanin ƙafa 1,900. A kan gangarar nan ya ji kamar ɗakin yana ingiza motar duk sa'ad da ya taka birki, amma ya ce wa ransa rashin sabo ne. Suka iso da la'asar sakaliya bayan awa bakwai a hanya, ya kwance ɗakin daga jikin motar, ya mai da firji kan gas. Inda suka sauka ba wutar gari, waya ma ba ta samun layi. Uwargida ta kunna fitilu da fanka, ta yi ta jan ruwa tana girki. Fitilun sun ɗan yi duhu-duhu, ba wanda ya kula.

Ƙarfe biyun dare

Wajen ƙarfe biyun dare wani ɗan ƙara ya tashe shi, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ana ƙyasta ashana ta ƙi kamawa. Daga ƙasa kuma na'urar da ke sansano yoyon gas tana ta tsuwa jefi-jefi. Ya lalubi makunnin fitila, ta kawo wani ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ya buɗe firji, ya ji sanyinsa ya fara sakewa.

A nan ne mutane da yawa kan ruɗe, su ce ai firji a kan gas yake, me ya haɗa shi da batir? Abin da ya haɗa su shi ne, irin na zamani yana da ɗan allon lantarki wanda shi ke buɗe wa gas hanya, shi ke ƙyasta wuta, shi ke gadin harshen kada ya mutu gas ya ci gaba da fita. In wutar batir ta yi ƙasa ainun, sai allon ya rufe gas ya yi shiru. Tukunyar gas cike, firji a mace.

Ya ɗauko tocila da mitar awon wuta, ya fita wurin akwatin batir da ke kan ƙarfen gaban ɗakin. Irin wannan batir na darma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago tun 1859, ba ya ɓoye halinsa ga mai mita. In ya huta a cike, zai nuna bolt 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.1 ko kusa da haka, to, ya sha rabi. In ya gangara 10.5, ba sauran abin kirki a cikinsa. Mitar maigidan ta nuna 10.4.

Ya tsaya a cikin duhu ya yi lissafi. Firjin nan in yana kan batir yakan sha wajen amfiya 10 ba hutawa. Awa bakwai, amfiya-awa 70 ke nan, batirin kuwa ko yana sabo abin da zai ɗauka bai wuce 80 ba. Ashe tun daga Junction motar ba ta ba ɗakin ko ɗigon wuta ba. Dokar sansanin ta hana tayar da inji cikin dare, saboda haka ba abin da zai yi sai jiran safiya. Ya kwashe kwalaben ya naɗe su a tawul mai jiƙe ya ajiye bakin taga inda iska ke shigowa. Insulin da ba a buɗe ba wurin zamansa tsakanin digiri 2 da 8 ne. Yakan jure ɗumin ɗaki na 'yan makonni, amma zafin rana irin na kwarin nan, wanda shi ne wuri mafi zafi a gandun, ba abin wasa ba ne, kuma kantin magani yana can nesa da tafiyar awoyi.

Tsohuwa ashe idonta biyu. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta cika yi masa magana kai tsaye ba ma. Sai ta taɓa jikan ta ce, “Kai angona, ce wa mutumin nan ya kwanta. Wanda ya kawo mu nan bai manta da mu ba.”

Baki bakwai

Da sassafe uwargida ta tafi kantin sansanin ta sayo ƙanƙara, aka zuba a kula, aka naɗe kwalaben a cikin zane aka ɗora daga sama don kada su taɓa ƙanƙarar, gama insulin da ya daskare shi ma ya lalace. Wannan ya ba su kwana guda. Maigida ya matso da motar kusa da ɗakin, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna gaban soket ɗin da ke bayanta.

Can yana yaro, duk hutun makaranta a rumfar wani kawunsa rewaya yake yinsa, yana miƙa filaya da sifana. Bai zama gwani ba, amma ya riƙe abu guda daga bakin kawun, cewa wuta matafiyiya ce, kuma ba ta fita gida sai ta tabbata akwai hanyar komawa. Mai neman inda ta ɓace sai ya bi sawunta zango-zango, kada ya yi tsalle, kada ya canja abin da bai gwada ba.

Igiyar da ke haɗa mota da irin wannan ɗaki a Amurka tana da filogi mai baki bakwai, kowane baki da aikinsa. Ɗaya na fitilun baya da na gefe, biyu na sigina hagu da dama waɗanda su ne kuma fitilun birki, ɗaya na fitilar ribas a tsakiya, ɗaya mai shuɗiyar waya na birkin ɗakin, ɗaya na cajin batir, na bakwai kuma mai farar waya shi ne na ƙasa, watau hanyar da duk wutar da sauran shidan suka kai take bi ta koma gida. Shida masu kaiwa, guda ɗaya tak mai dawowa.

Ya tayar da mota, ya fara auna batirinta, ya ga 14.2, watau altaneta lafiyarta ƙalau. Ya koma baya ya sa tsinken mita a bakin caji da bakin ƙasa. Sifiri. Ya sa yaron ya kunna fitilu, ya taka birki, ya sa sigina, duk bakunan suka amsa, ban da wannan guda. Ya buɗe bonet, ya cire murfin akwatin fis, ya bi zanen da ke jikin murfin da yatsa har ya zo kan gurbin da aka rubuta na cajin tirela ne. Ba fis ne ya ƙone ba. Gurbin fanko ne, tsaf da shi, ba a taɓa sa masa kome ba.

Abin ba baƙo ba ne. Akwai motocin da kan fito daga masana'anta da wayar cajin a shimfiɗe amma ba a sa mata fis ko rile ba, sai a ba mai saye su a 'yar leda ya sa da kansa ran da ya tashi jan kaya. Wanda ya fara mallakar motar bai taɓa jan abin da ke da batir ba, shi ya sa bai damu ba. Yaron ya ce, “Baba, ba sai mu sa guntuwar waya ba?” Uban ya tuna da masu naɗa takardar kwalin taba a gurbin fis, ya kuma tuna da motar da ya taɓa gani tana ci da wuta a bakin rumfar kawu saboda wannan dabara. Fis mai gadi ne, an yi shi ne don ya mutu kafin waya ta mutu. Ya ce a'a. Suka zazzage aljihun gaban mota, can ƙarƙashin littafin motar da tsofaffin rasitai sai ga 'yar ledar, ba a ko ɓare ta ba. Ya sa fis, ya sa rile, ya koma baya ya auna. Bolt 14.1.

Yaron ya yi tsalle, uban ya soka filogi, ya zagaya wurin batirin ɗakin yana murmushi. Mita ta nuna 10.6. Ya jira minti biyar, tana nan a 10.6. Murna ta koma ciki.

Mita ma takan yi ƙarya

Sai ya cire wayoyin daga kan batirin ya auna su su kaɗai, mita ta ce 14. Ya mayar da su, ta koma 10.6. Wanda bai sani ba a nan zai ce batir ne ya lalace, ya yi tafiyar mil ɗari ya sayo sabo, ya dawo ya tarar da matsalarsa tana jiransa. Gaskiyar maganar ita ce, mitar zamani kusan ba ta shan kome, saboda haka ko ta hanyar da ta rage kamar silin gashi za ta ga cikakkiyar wuta ta faɗa. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: in ka leƙa ka gan ta cike, in ka zura guga biyu ta ƙafe. Tun 1827 Bajamushe Georg Ohm ya bayyana wannan, cewa gwargwadon yawan wutar da ke bin hanya mai tsauri, gwargwadon ƙarfin da za ta zubar a kan hanyar.

Kawu bai san Ohm ba, amma ba ya yarda da awon da ba a ɗora masa kaya ba. Maigida ya ciro ƙwan fitilar birki na ajiya, ya ɗaura masa guntayen waya biyu, ya taɓa su a wayoyin batirin da ya cire. Ƙwan ya yi ɗan ja da ƙyar. To, akwai tsauri a hanya, saura a san ko a wajen zuwa ne ko a wajen komawa. Ya duba ɗan makatsin da ke kusa da batir, mai ƙaramin maɓalli a gefe, wanda kan yanke wuta in ta yi yawa, ya ga bai faɗi ba. Sa'an nan ya ɗauko igiyar tayar da mota guda ɗaya, ya maƙala baki ɗaya a ƙarfen jikin motar, ɗayan a ƙarfen jikin ɗakin, inda fenti ya goge. Nan take ƙwan ya haske fari fat.

Ya bi farar wayar daga filogi zuwa wani ɗan akwati a ƙarƙashin ƙarfen gaba, daga nan zuwa inda aka ɗaure ta da kusa a jikin firam. Ya taɓa ta da sukundireba, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ɗakin ya yi shekaru a ajiye a cikin raɓa da iskar gabar teku ta Houston, ƙarfen ya ruɓe a ƙarƙashin kan wayar, daga waje kuwa ba ka ganin kome.

A nan ya zauna daɓas a kan tabarma, domin yanzu ne maganar yaron ta gidan mai ta dawo masa. Da farar wayar ta toshe, wutar fitilu ta rasa hanyar gida, sai ta riƙa kutsawa ta cikin wasu ƙwayayen, shi ya sa suke dushewa suna ƙyaftawa. Ragowar kuma tana bi ta dunƙulen ƙarfen da ɗakin ke rataye a kai, wanda ke shafe da giris, yana kaɗawa, yanzu ya haɗu yanzu ya rabu. Ba fitilu kaɗai ke bin wannan hanya ba. Birkin ɗakin na lantarki ne, a cikin kowace taya akwai maganaɗisun da kan sha wajen amfiya 3, kuma wutarsa ta farar wayar nan take komawa. Watau ingizar da ya ji a kan gangara ba rashin sabo ba ne. Ɗaki mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi ne ke bin bayansa, birkinsa yana kamawa yana saki, ga uwarsa da matarsa da ɗansa a cikin mota. Bugu da ƙari, akwai wata 'yar igiya da ake maƙalawa a jikin mota, wadda in ɗakin ya ɓalle a guje za ta fizge wani tsinke, birki ya kama da kansa. Wannan birki na gaggawa ba daga mota yake samun wuta ba, daga batirin ɗakin ne, wanda ya kwana a mace. Da sun tashi da safen nan sun juya gida don ceton magani, da haka za su hau hanya.

Bai gaya wa kowa wannan ba a lokacin. Ya kwance kusar, ya yanke kan wayar har inda jan ƙarfen ke ƙyalli, ya goge firam da samfefa sai da ya yi fari, ya ɗaure tam, ya shafe da giris daga sama. Ya cire igiyar gwaji, ya mai da wayoyin batir, mita ta fara hawa a hankali.

Baƙi da fari

Sai dai wayar caji siririya ce, ga tsawo, tun daga gaban mota har bayanta, abin da take kaiwa bai wuce 'yan amfiya kaɗan ba. Aikinta ta riƙe batir mai rai, ba ta tayar da matacce ba. Don haka ya ce wa yaron ya kawo igiyoyin tayar da mota duka biyu, a haɗa batir da batir kai tsaye. Ya juya zai gyara tsayuwar motar ke nan sai ya hangi yaron ya riƙe baƙar igiya zai maƙala ta inda baƙar wayar ɗakin take. Ya daka masa tsawar da ta sa tsohuwa ta leƙo ta taga.

Yaron ba shi da laifi. A mota, ja shi ne mai wuta, baƙi na ƙasa. A cikin ɗakunan nan da yawa kuwa an bi tsarin wayar gidajen Amurka ne, baƙi mai wuta, fari na ƙasa. Mutane da dama sun ƙone fis ɗin na'urar caji, wasu har da allon firji, saboda sun amince da launi. Ya kama hannun yaron ya nuna masa alamar tarawa da ta ɗebewa da aka zana a jikin batirin kansa, ya ce, “Waɗannan za ka duba, su ba sa canja riga.” Suka haɗa mai tarawa da mai tarawa, na ƙarshen kuma suka maƙala shi a jikin firam nesa da batir, domin batir mai shan caji yana fitar da iskar da tartsatsi kaɗan ke tayarwa.

Ba a yi minti goma ba suka ji ƙit, ƙit, sa'an nan wani ɗan huci a bayan firji. Harshen gas ya kama. Suka bar motar tana aiki awa ɗaya da rabi. Da ya cire igiyoyin mita ta nuna kusan 13, amma bai yarda ba, gama batirin da aka sauke daga caji yanzun nan yakan yi kurin abin da ba shi da shi. Bayan awa biyu ya sake aunawa, 12.1. Ya san batirin ya ji jiki, domin duk wanda aka tatsa har ƙasa farantansa kan yi ɓawon da ba ya komawa duka, kuma sai an canja shi in an isa gida. Suka kafa doka: fitila ɗaya da dare, ba fanka, ruwa a buta, safe da yamma a tayar da mota. Da magariba aka mai da kwalaben cikin firji.

Kwana uku suka yi. Tsohuwa ta zauna a inuwa a bakin kogi tana kallon tsallake, aka ce mata wancan gefen wata ƙasa ce daban, ta ce wannan ruwan ko gulbin garinsu da rani ya fi shi, ina dalilin da za a ce sai da fasfo.

Ran tashi, bayan ya rataya ɗakin ya soka filogi, ya sa yaron ya tsaya a baya. Fitilun baya, sun kama. Hagu, dama, birki, ba mai ƙyaftawa sai wadda aka sa. Ya ja motar a hankali a kan tsakuwa, bai taka birkinta ba, ya matsa ɗan hannun na'urar birkin ɗakin da ke ƙarƙashin sitiyari. Tayoyin ɗakin suka cije, tsakuwa ta yi ƙara, motar ta tsaya cik har tasbahar tsohuwa ta faɗo daga cinyarta.

Ta sunkuya ta ɗauka, ta dubi jikan da ke shigowa mota ta ce, “Tambaye shi, da muka zo me ya sa ba ta yi haka ba?”

Yaron ya dubi uban. Uban ya gyara madubi, ya ce wa yaron ya ja ƙofa da kyau, ya sa giya suka fara hawan gangarar.